Sunan Istanbul ya girmi 1453, kuma daga bakin Girkawa ya fito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na daɗe ina karanta jaridarku musamman shafin tarihi, shi ya sa na kasa yin shiru a kan wani abu da na gani a rubutun da kuka buga kwanakin baya kan Sarki Muhammadu Fatih da buɗe birnin Istanbul. Rubutun ya yi kyau wallahi, marubucin ya yi ƙoƙari, amma akwai layi ɗaya da ya tsaya min a wuya, inda ya ce wai asalin sunan Istanbul shi ne "Islambul" wato birnin Musulunci, Fatih ne ya raɗa masa bayan ya ci garin, daga baya Turawa suka lanƙwasa shi. Wannan magana ta yi yawo sosai, na ji ta a bakin masu wa'azi, na ganta a Facebook ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na san masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke faɗi. Sai dai ba haka abin yake ba, sunan ya riga Fatih zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru, kuma waɗanda suka bar mana shaidar hakan malamanmu ne na Musulunci ba wasu Turawa ba.

Bari in fara da shaidar kafin in shiga dogon labari. Mas'udi, masanin tarihin nan ɗan Bagadaza da ya rasu a 956 miladiyya, ya rubuta a littafinsa Attanbih wal Ishraf cewa mutanen Rum suna kiran babban birninsu "Bulin", in kuma suna so su nuna girmansa a matsayin fadar daula sai su ce "Istan Bulin". To a lissafa, Fatih ya shiga garin ne ran 29 ga Mayu 1453, tsakanin wannan da rubutun Mas'udi kusan shekara 500 kenan. Sannan ga Ibn Battuta da ya je garin da ƙafarsa a shekarun 1330, lokacin yana hannun sarakunan Kirista, ya ce garin kashi biyu ne ruwa ya raba su, ɓangare ɗaya Galata, ɗayan kuma inda sarki da fadawa suke sunansa Istanbul. Kusan shekara ɗari kafin a haifi Fatih ma. To ta yaya mutum zai raɗa sunan da kakannin kakanninsa suka tarar ana faɗi?

Abin da mafi yawan masana harshe suka tafi a kai shi ne sunan ya fito daga wata gajeriyar magana ta Girkanci, "is tin polin", ma'anarta zuwa birni ko a cikin birni. Polis a Girkanci birni ne. Mutumin ƙauye ya ɗauko kayansa ka tambaye shi ina zuwa, ya ce stin poli, birni zan shiga, ba sai ya kama suna ba don kowa ya san birnin da ake nufi, babu na biyunsa a duk faɗin daular. Kuma a bakin Girkawa in harafin n ya haɗu da p sai su narke su koma mb, shi ya sa abin da kunne ke ji shi ne "stimboli". Baƙi da suka zauna kusa da su, Larabawa da Armeniyawa da Turkawa, suna ta jin stimboli stimboli sai suka ɗauka sunan garin kenan. Baturke kuma harshensa ba ya son fara kalma da baƙaƙe biyu a haɗe, sai ya sa wasali a gaba, kamar yadda har yau suke cewa istasyon ga tasha. Ga Istanbul ya fito. Ko mu da muke cewa Santambul tun zamanin kakanni, wannan "bul" ɗin na ƙarshe polis ɗin Girkawa ne ya yi doguwar tafiya har ya iso bakinmu.

Wannan ɗabi'a ta kiran babban gari da "birni" kawai ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi karatun sira. Yasriba ake ce wa garin da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa gare shi, aka koma ana cewa Madina, kuma madina a Larabci birni ne. Romawa ma Urbs suke ce wa Roma, wato birnin. Girkawan yau in suna hira a tsakaninsu har gobe "i Poli" suke ce wa Istanbul. Kuma ba Istanbul kaɗai abin ya faru da shi ba, garin Nikaia da aka yi taron manyan limaman Kirista a 325 shi ne Iznik a yau, Nikomedia ya zama Izmit, tsibirin Kos kuma Turkawa suna ce masa Istankoy daga "stin Ko". In Istanbul daga Islam ya fito to Istankoy fa daga ina?

Don adalci, akwai masanan da suke ganin ba daga waccan jimla ba ne, sun ce dogon tsohon sunan garin, Konstantinupolis, shi ne baki ya yi ta gutsura har ya rage stan da pol. Ni hujjar farko ta fi kwanta min saboda maganar Mas'udi da kuma su Iznik, amma ko wanne aka ɗauka dai gida ɗaya aka koma, Girkanci.

Shi Islambol ɗin fa ba ƙarya ba ne, akwai shi, kada a ce na ce babu. Bayan an ci garin ne mutane suka yi wa tsohon sunan kwaskwarima don ya yi ma'ana a harshensu, "bol" a Turkanci yalwa ne, Islambol kenan inda Musulunci ya yalwata. Evliya Celebi matafiyin nan na ƙarni na 17 ya ambace shi, kuma a ƙarni na 18 an buga shi a jikin kuɗi, musamman zamanin Sarki Mustafa na Uku. Kirari ne mai daɗi da aka yi wa gari, amma ɗa ne ba uba ba, Istanbul ne ya haife shi. Abin da zai ba mai karatu mamaki ma shi ne sunan da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fi amfani da shi a takardun fada da kuɗinta har zuwa ƙarshenta shi ne Kostantiniyye. Na taɓa riƙe wani tsohon kwabonsu a hannuna, ɗan ƙarami ya sha hannu har gefensa ya lashe, gefe ɗaya tambarin sarki mai kama da zanen tsuntsu, ɗaya gefen da rubutun Larabci ƙarara "duriba fi Kusɗanɗiniyya", an buga a Kusɗanɗiniyya. Sarakunan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna riƙe da Makka da Madina ba su ji kunyar sa sunan Kustantin, sarkin Rum da aka sa wa garin sunansa, a kuɗinsu ba. Hadisan da suka yi bushara da buɗe garin ma ai da wannan suna suka kira shi.

To shi wannan Kusɗanɗiniyya daga ina? A nan ne Latin ya shigo, kuma nan ne ni labarin ya fi burge ni.

Garin ya fara ne da suna Bizantiyon. Girkawa ne daga garin Megara kusa da Atina suka zo suka kafa shi a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekarar da aka fi ambata ita ce 667. Su a labarinsu na kunne ya girmi kaka jagoran tafiyar sunansa Bizas, shi aka sa wa garin sunansa. Masana na ganin shi sunan Bizas ɗin ma ba Girkanci ba ne tsantsa, na mutanen Tirakiya ne da suke zaune a yankin kafin Girkawa su iso, Girkawa dai suka ɗora masa wutsiyarsu ta "iyon". Pliny babba, marubucin Romawa, ya ce kafin nan akwai wani tsohon mazauni a wurin mai suna Ligos. Akwai wani labari da Herodotus ya kawo da nake so ƙwarai, ya ce mutanen Megara sun fara kafa Kalkedon a tsallaken ruwa ɓangaren Asiya shekara 17 kafin Bizantiyon, wurin da yau ake kira Kadikoy, da wani janar ɗin Farisa mai suna Megabazus ya ji haka sai ya ce lallai mutanen Kalkedon makafi ne, ga wuri mai kyau a gabansu suka zaɓi wanda bai kai shi ba. Duk wanda ya tsaya a bakin ruwan nan ya ga yadda ƙasa ta shigo cikin teku ruwa ya zagaye ta ta gefe uku, ga mashigin da jirage za su fake, zai gane abin da janar ɗin yake nufi.

Da Romawa suka mamaye yankin ba su canza sunan ba, sun dai sa masa rigar Latin. Ƙa'idarsu ce, sunan Girkanci da ya ƙare da "on" sai su maida shi "um", Bizantiyon ya koma Bizantiyum, wanda ake rubutawa Byzantium. Ko wancan harafin y da ke ciki aro ne, Romawa sun ɗauko shi ne takanas don rubuta kalmomin Girkawa, shi ya sa har yau Faransawa "i na Girka" suke kiransa. Sai a ƙarshen ƙarni na 2 miladiyya garin ya goyi bayan Pescennius Niger a rikicin sarauta, Sarki Septimius Severus ya yi masa ƙawanya kusan shekara uku, ya ci shi a 196 ya rushe ganuwarsa, daga baya kuma ya sake gina shi aka sa masa Augusta Antonina don girmama ɗansa wanda aka fi sani da Karakala. Wannan suna Latin ne zalla kuma bai yi ƙarko ba, mutanen gari suka ci gaba da Bizantiyon ɗinsu.

Sai Kustantin. A 324 ya ci abokin hamayyarsa Licinius da yaƙi a Krisopolis, nan tsallaken ruwa inda yau ake kira Uskudar, ya zama shi kaɗai ne sarkin Rum gabas da yamma, ya ga wurin ya yi masa, ya faɗaɗa garin ya ƙaddamar da shi a matsayin sabuwar fadarsa ran 11 ga Mayu 330. An kira shi Sabuwar Roma, Nova Roma a Latin, Nea Rome a Girkanci, har taron limamai na 381 ya yi amfani da wannan laƙabi, kuma babban limamin cocin Otodoks da ke zaune a garin har yanzu yana ɗauke da shi cikin sarautarsa. Amma wanda ya kama bakin jama'a shi ne Konstantinupolis. A tsaya a duba sunan nan da kyau. Constantinus suna ne na Latin, daga constans, mai tsayuwa ƙyam wanda ba ya girgiza, in da Balarabe ne sai ya ce Sabitu. Polis kuma Girkanci. Wancan "u" na tsakiya shi ne alamar mallaka a Girkanci, kamar "n" ɗinmu a cikin birnin wane. Wato kan sunan na Roma ne, ƙafafunsa na Girka, kuma haka garin kansa yake, masu mulki da sojoji da alƙalai suna Latin, kasuwa da coci da cikin gida ana Girkanci.

Wannan ba a littafi kawai na gani ba. A filin Sultanahmet, wanda shi ne tsohon filin tseren keken doki na garin, akwai wani dogon dutse mai tsini da aka ɗauko daga Karnak a Masar, na Fir'auna Tutmos na Uku, Sarki Tiyodosiyus ya sa aka kafa shi a nan a 390. Gindinsa yana ƙasa da inda mutane ke takawa yanzu don ƙasa ta taru a tsawon zamani, sai ka leƙa ta kan ƙarfen da aka kewaye shi da shi. Na zagaya shi a hankali, gefe ɗaya an sassaƙa rubutu da Latin, ka zaga ɗaya gefen kuma da Girkanci, duka suna ba da labarin yadda aka ɗaga dutsen a ƙarƙashin hakimin gari Proklus, na Latin ya ce kwana 30 aka yi, na Girkanci ya ce 32. Sama kuma ga rubutun Fir'aunonin Masar, ga Masallacin Sultan Ahmad a gefe ana kiran sallah. Na daɗe tsaye a wurin. Gaba kaɗan in ka bi layin taragon cikin gari akwai ginshiƙin Kustantin kansa na jan dutse, wanda aka ɗaure da zobban ƙarfe don kada ya tsage, Turkawa suna kiransa Cemberlitas wato dutse mai zobe, tun bikin 330 yake tsaye a wurin.

A hankali Girkanci ya cinye Latin. Dokokin da Sarki Justiniyan ya tattara a shekarun 529 zuwa 534 da Latin aka rubuta su, amma sababbin dokokin da ya fitar bayan nan yawancinsu da Girkanci ne don shi jama'a ke ji. Zuwa zamanin Hirakal, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, shi ne wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, Girkanci ya riga ya zama harshen fada. Duk da haka mutanen ba su taɓa daina kiran kansu Romawa ba, Romaioi suke cewa, shi ya sa wasiƙar ta kira shi babban Rum, shi ya sa kuma muke da Suratur Rum. Wannan "Daular Bizantin" da ake koyarwa a makarantu su ba su san ta ba, wani masani Bajamushe Hieronymus Wolf ne ya yi amfani da tsohon sunan garin a 1557 wajen tattara tarihinsu, bayan daular ta faɗi da shekara ɗari, daga nan ya bazu. Su kuma Larabawa da suka karɓi sunan garin sai suka ajiye polis suka sa tasu wutsiyar, Kusɗanɗin ya zama Kusɗanɗiniyya kamar yadda Iskandar ya ba da Iskandariyya.

Ranka ya daɗe in ka fara bin wannan polis ɗin sai ka ga yana ɓoye cikin sunayen da muke ji kullum a labarai ba mu lura ba. Tarabulus ta Libiya Tripolis ce, birane uku, wato Oea da Sabrata da Leptis Magna, kuma a Leptis Magna ɗin aka haifi Septimius Severus da na ambata ɗazu, mutumin Afirka ne. Tarabulus ta Lebanon ma haka. Nablus ta Falasɗinu Flavia Neapolis ce, Sarki Vespasian ya kafa ta a 72 miladiyya, Flavia sunan gidansu ne a Latin, Neapolis kuma sabon birni a Girkanci, ka ga irin auren nan na Latin da Girkanci ya sake fitowa, kuma sunanta ɗaya da Napoli ta Italiya. Larabci ba shi da p shi ya sa ko'ina ya koma b, bulus, blus, bul. Edirne, fadar Usmaniyawa kafin Istanbul, inda Fatih ya shirya yaƙinsa, Hadrianopolis ce birnin Sarki Hadrian. Kusanɗina ta Aljeriya ma sunan Kustantin ɗin dai take ɗauke da shi, da Cirta ake ce mata.

Abin da ya sa na damu har na zauna na rubuta wannan doguwar wasiƙa shi ne yaranmu. Ɗalibi zai karanta a jarida cewa Istanbul daga Islambul ne, ya riƙe, ya je jami'a ko ya shiga muhawara da wani a intanet ya faɗa da ƙarfin gwiwa, a buɗe masa Mas'udi a nuna masa, daga ranar sai ya fara shakkar sauran abubuwan da aka gaya masa waɗanda kuma gaskiya ne. Tarihin Fatih ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri, saurayi ɗan shekara 21 da ya yi wa ganuwar da ta gagari runduna bayan runduna ƙawanya kwana 53, ya sa aka ja jirage ta kan tudu aka sauke su cikin mashigin ruwa ta bayan sarƙar da aka tare shi da ita, wannan kaɗai ya isa. Shi kansa da ya shiga garin laƙabin Kaisar-i Rum ya ɗauka, Kaisar ɗin Rum, kuma Kaisar ma kalmar Latin ce. Kabarin Abu Ayyub al-Ansari (RA) yana nan a unguwar Eyup wajen tsohuwar ganuwa, sahabin da ya rasu a yaƙin neman wannan gari, shi ma Kusɗanɗiniyya ya san shi da shi.

Maganar cewa Turawa ne suka lanƙwasa sunan kuwa akasin haka ne ya faru. Turawa Constantinople suka riƙe suka ƙi saki, sai da gwamnatin Turkiyya, bayan ta maida fadar mulki Ankara a 1923, ta nemi ƙasashen waje a 1930 da su riƙa rubuta Istanbul a wasiƙu da takardu, sannan a hankali suka bi. A Girka kuwa har yau Konstantinupoli suke rubutawa a taswira da allunan hanya.

Roƙona shi ne ku buga gyara a wannan shafi na tarihi ko da layi uku ne, a ce Islambol laƙabi ne da ya zo bayan 1453, Istanbul kuma Mas'udi ya riga ya rubuta shi tun ƙarni na 10. In marubucin yana da wata hujja da ta girmi ta Mas'udi ina roƙonsa ya kawo ta a nan mu karanta, zan yi farin cikin ganinta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na tarihi